Alkasum Mai Tashar Ƙosai

A unguwar Zango, dab da inda ƴan kabu-kabu ke jingine baburansu suna gardamar ƙwallo, akwai wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa. Mutum biyu ba sa juyawa a cikinsa sai ɗaya ya ce wa ɗaya gafara. Nan Alkasum ɗan Malam Nomau yake sana'a. Aikinsa na asali tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da karatu a kart memwar, ɗan ƙanƙanen abin nan da ake sa wa salula ko rediyo. Masu wannan sana'a sun yi yawa a Zinder, har ma akwai wani Alkasum ɗin a cikinsu. Shi ya sa idan kana neman namu sai ka ce mai tashar ƙosai.

A wani ƙauye na ƙasar Dakusa aka haife shi. Mahaifinsa manomin gero da gyaɗa ne, mutumin kirki, sai dai taurin kai. Idan ka ce masa ga rami, sai ya taka ya ji da ƙafarsa. Ba ya karɓar magana daga ɗa, ba ya karɓa daga maƙwabci, ko malamin gona da ake turowa daga gari sai ya gama bayaninsa Malam Nomau ya ce masa, "To, Allah ya kai ka gida lafiya." Abu ɗaya ne ba ya yi wa musu, shi ne rediyo. Yana da wani tsohon rediyo da dukawa suka ɗinka wa rigar fata, kuma duk gardamar da ta tashi a gindin bishiyar da dattawa ke zama, da zarar ya ce "rediyo ya faɗa," magana ta mutu.

Aikin Alkasum yana yaro shi ne riƙe waya. An ɗaura wa eriyar rediyon wata doguwar waya, idan murya ta fara gudu sai a ce ya hau kan rumbu ya ɗaga hannu. Can sama yake tsayawa kamar mai korar tsuntsaye, uban yana daga ƙasa yana ba da umarni: "Gabas kaɗan! Ka wuce! Tsaya nan, kada ka yi numfashi!" Labaran duniya ba su zauna masa a kai ba, amma shuuu ɗin nan, da ƙaramin fito, da yadda murya ke nutsewa ta taso kamar guga a rijiya, duk sun shige masa kunne sun yi gida.

Ya ɗan taɓa lekwal, wato makarantar boko, bai yi nisa ba. Ya shigo Zinder ya koyi gyaran rediyo, yana gama ƙwarewa mutane suka daina kawo gyara, don sabo ya fi gyaran araha. Sai ya samo wata tsohuwar kwamfuta, wadda shi yake kira ordinatar, ya buɗe shago. A nan Zango ya auri Zuliha, ƴar gari, mace mai kaifin baki da saurin hannu, wadda ke tuyar ƙosai kowace safiya a ƙofar gida. Allah ya ba su ƴa, suka sa mata suna Rahama.

Da tsufa ya kama Malam Nomau, sai yanar ido ta rufe masa gani. Ya ƙi yarda. Ya ce duniya ce ta yi hazo. Yayar Alkasum, Sadiya, wadda ke aure a ƙauyen kuma ita ke kula da tsohon, kullum sai ta kira ƙanenta da sabon labari. Yau Baba ya yi wa turmi sallama, ya ji haushi bai amsa ba. Gobe ya zuba wa takalminsa dusa yana kiran sunan tunkiya. Alkasum ya je ƙauye takanas, ya durƙusa ya ce, "Baba, a gidan likita ana cire yanar nan, mutane na ta warkewa."

"Wa ya ce?"

"Na gani da idona, Baba."

"To, ka riƙe idonka, in riƙe nawa. Ba mai sa mini wuƙa a ido ina da rai."

Tsohon rediyon mai rigar fata ya riga ya mutu, don haka Alkasum ya bar masa tsarabar wani ƙarami, irin na zamani mai cin kart, ya dawo gari ransa a jagule. Yana ba Zuliha labari tana surfen wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Tunda Baba ba ya jin maganar mutum, ai sai ka zama rediyo."

Da wasa ta faɗa. Shi kuwa washegari ko karyawa bai yi ba ya tafi shago.

Ya rufe ƙofa, ya kafa mikro, ya karanta sanarwa da muryar da yake ganin ta ƴan jarida ce. Da rana ya kawo wa Zuliha ta ji. Ta saurara ta ce, "Wannan ai Baban Rahama ne a cikin shago yana jin yunwa. Ko akuya ba za ta ɗauka rediyo ne ba."

Gaskiyarta. Muryar ta fito tas, kamar mutum na zaune kusa da kai, rediyon Malam Nomau kuwa bai taɓa magana tas ba. Muryar da ya saba gaskatawa ita ce wadda ta sha wuyar hanya, ta ratso duwatsu da hamada ta iso a gajiye. Alkasum ya koma ya zauna gaban ordinatar. Ya fara da sauke muryar ƙasa kaɗan don ta yi kauri, ta daina kama da tasa. Sannan ya yanke gurnanin ƙasa, ya yanke kaifin sama, ya bar tsakiya kawai, sai ta koma kamar ana magana ta cikin gwangwanin tumatir. Ya matse ta yadda raɗa da tsawa suka zama tsayi ɗaya. Ya riƙa ɗaga ƙarar yana saukewa a hankali, murya ta tafi kamar ba za ta dawo ba, sai kuma ga ta. Har ya ɗan saka wata waƙar Larabawa can ƙasa-ƙasa, kamar wata tasha ce ke leƙowa ta katanga.

Saura shuuu. Na cikin ordinatar bai yi masa ba, ya ce ya cika santsi, ba shi da tsakuwa. Ya gwada murza leda, ya gwada zuba gero a faranti, ya hura mikro har jiri ya ɗebe shi. Yana cikin wannan neman ne wata safiya, yana alwala a tsakar gida, Zuliha ta saki ƙullu cikin mai. Kaskon ya ce caaa, da ƴan fashe-fashe a ciki. Alkasum ya yar da buta ya fito da gudu da ƙafa ɗaya a wanke.

"Kada ki motsa! Sake zubawa!"

"Lafiya?"

"Kowa ya yi shiru!"

Masu sayen ƙosai suka tsaya da kwanoninsu suna kallon magidanci durƙushe gaban kasko, ya miƙa salula kamar mai neman jin ra'ayin ƙosai. Fiton kuwa a ƙofar shagonsa ya same shi, don maƙallanta sun yi tsatsa, idan aka ja ta a hankali sai ta yi kuka siriri. Da ya haɗa duka ya kunna wa Zuliha, sai da ta waiga tana neman inda rediyo yake.

Da farko sunan Malam Nomau ya sa a sanarwar. Zuliha ta ce, "Cire. Yaushe rediyo ya san Baba? Zai gane." Sai ya mayar da ita ta kowa da kowa. Ga abin da muryar ta ce, tana nutsewa tana tasowa: "Jama'a masu sauraro, ga sanarwa zuwa ga dattawan ƙasar Dakusa. Duk mai yanar ido, ana jiransa a gidan likita na Zinder ranar Talata da safe. Aikin ba zafi, ba a cire ido, ba a canza wa mutum nasa da na wani. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba."

Wannan jimla ta ƙarshe don ado ya ƙara ta, saboda haka ake rufe sanarwa.

Ya aika wa Sadiya kart ɗin ta hannun direban motar kasuwa, ya yi mata bayani a waya: ta sa shi a rediyon bayan la'asar, lokacin da Baba ke shan fura shi kaɗai, idan ya gama ji ta zare. Sadiya ta sa, ta danna, ta miƙa masa. Sai dai ranar Malam Nomau bai ga damar shan fura ba. Ya rungumi rediyonsa ya lalubi sandarsa ya nufi gindin bishiya, muryar tana tafe tana magana a hammatarsa. Sadiya ba ta da ikon shiga majalisar dattawa ta ƙwace rediyo. Kuma Alkasum ya manta da halin ƴan rediyon nan: idan abu ɗaya ne a kan kart, in ya ƙare sai ya koma farko.

Sanarwa ta ƙare, kasko ya yi caaa, sanarwa ta dawo.

"Kun ji?" in ji Malam Nomau. "Sun maimaita."

Ta sake dawowa.

"Yau ko labarai ba su yi ba. Abin babba ne."

Har aka kira magariba rediyo bai sauya magana ba. Wanda ya ji kuwa ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ranar Litinin da yamma Alkasum yana ƙofar gida yana jiran mahaifinsa, ya sa Zuliha ta gyara ɗaki ɗaya, ta yi tuwon mutum ɗaya. Sai ga motar kasuwa ta shigo lungun tana tangaɗi, ta tsaya. Malam Nomau ya sauko. Bayansa amininsa Ɗanƙarami, wani ƙaton tsoho da sai da ya sunkuya kafin ya fito, ya dafa kafaɗarsa. Bayan Ɗanƙarami wani ya dafa tasa. Haka suka yi ta fitowa a jere kamar ana zare carbi, kowa da buta da tabarma, wani har da zakara na tsaraba. Na ƙarshensu, Mai Nasara, idonsa garau, shi ne ma ya ja wa direba kunne a kan ramukan hanya. Ya ce shi gwiwa ce ke damunsa, ya biyo ne ko in an gama da ido a leƙa ta.

"Na ce musu kada kowa ya damu da masauki," in ji Malam Nomau, yana magana da bangon da ke gefen Alkasum. "Ɗana yana da gida a Zango."

Zuliha ta fito ta durƙusa ta gaida surukinta, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya da sannu da zuwa, fuskarta kamar an yi mata albishir. Da ta shige ciki ta ja mijinta gefe ta ce, "Baban Rahama, rediyo na ce ka zama. Ban ce ka zama gwamnati ba."

Aka cika zaure, aka cika tsakar gida, maƙwabta suka ara tabarmi da tukwane. Zakaran tsaraba bai ga safiya ba.

Da safe Alkasum ya ja ayarinsa zuwa gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashen ido, ya fito ya ga baranda cike da rawuna, ya tambayi wanda ya turo su.

"Rediyo," suka amsa baki ɗaya.

"Wane rediyo?"

"Wanda ya yini yana faɗa," in ji Ɗanƙarami. "Ku da kuka ba da sanarwa ba ku saurara ba?"

Alkasum ya roƙi majo su ɗan keɓe. A bayan ƙofa ya fito da salula ya kunna masa, ya faɗi yadda aka yi tun daga turmin da bai amsa sallama ba. Majo ya fara da ɗaure fuska, ya ce wannan wasa ne da aikin hukuma. Amma da aka zo wurin "ba a canza wa mutum nasa da na wani," sai dariya ta ƙwace masa, ya dafa bango. Da ya samu numfashi ya ce su ma sun sha ba da sanarwa a gidajen rediyo na gaske, tsofaffin ƙauye ba sa zuwa, kowa na tsoron wuƙa. Tunda Allah ya kawo waɗannan da ƙafarsu, ba za a kore su ba. Sai dai ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya sake sa sunan gidan likita a bakin kaskonsa.

Likita ta duba su duka. Wasu aka ba su maganin ɗigawa, wasu aka ce yanar ba ta nuna ba su dawo bayan damina, wasu aka sa musu ranar aiki a cikin makon, har da Malam Nomau da Ɗanƙarami. Mai Nasara aka nuna masa wata ƙofar. Alkasum ya wuni yana kiran ƴaƴan tsofaffin a waya, na Agadas da na Kano da na cikin gari, yana cewa, "Babanka yana gidana, an sa masa ranar aiki." Kunya ta sa kowa ya zo ko ya aiko, ya ɗauki nauyin nasa.

Da asiri zai rufu, da ya rufu a nan. Amma washegarin aikin, da hantsi bai ɗaga ba, tsofaffin suna zaune a zaure kowa da auduga manne a ido ɗaya, Zuliha ta hura wuta a ƙofar gida ta saki ƙullun farko. Kasko ya ce caaa.

Malam Nomau ya ɗaga hannu. "Ku yi shiru. Za a yi sanarwa."

Zaure ya yi tsit. Tsofaffi suka karkata kunne. Mai ya ci gaba da tafasa, da ƴan fashe-fashensa, daidai yadda suka ji a gindin bishiya. Suna jira, suna jira, sai ga murya ta fito sarai: "A sa miki yaji?"

Malam Nomau ya lalubi rediyonsa a aljihu, ya ji shi a kashe. Ya daɗe yana jujjuya shi. Sannan ya ce a kira masa Alkasum.

Alkasum ya zo ya durƙusa. "Ga ni, Baba."

"Ce 'jama'a masu sauraro.'"

"Baba?"

"Ka ji ni."

"Jama'a masu sauraro," in ji Alkasum, da ƴar siririyar murya.

"Toshe hancinka. Ka yi ta da kauri."

Ba yadda zai yi. Ya toshe hanci ya faɗa, kaskon Zuliha na yi masa amshi daga waje. Ɗanƙarami ne ya fara fashewa da dariya, yana riƙe da audugarsa kada ta faɗi, sauran suka bi. Wani ya ce, "Ashe tashar ƙosai muka kama!" Malam Nomau kaɗai bai yi dariya ba. Ya juya wa ɗansa baya, ranar ko ƙosan bai ci ba, ya ce ba ya cin abokin ƙarya.

Da aka cire audugar, ya buɗe ido a hankali ya ga hannunsa, ya ga layukan tafinsa, ya ga jikarsa Rahama da bai taɓa ganin fuskarta sosai ba. Ya yi hamdala, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya dubi Alkasum sama da ƙasa ya ce, "Ashe har ka yi furfura ba ka daina ƙarya ba."

"Baba, don lafiyarka na yi."

"Na sani. Ido ya gode. Amma ka ci amanar rediyo. Shekara da shekaru bai taɓa yi mini ƙarya ba, sai da ɗana ya shiga cikinsa." Ya yanke masa hukunci: zai bi su ƙauye, ya tsaya a gindin bishiya ya gaya wa jama'a da bakinsa cewa shi ne mai sanarwar, kuma daga yau kada ya sake sa wa rediyo maganar da ba a yi ba. Alkasum ya je ya faɗa. Maimakon a yi masa faɗa, sai aka sa shi ya toshe hanci ya maimaita, mata na leƙe ta kan danga.

Kafin ya dawo Zango labari ya riga shi, kuma tun daga nan kasuwarsa ta sauya. Ango na so a gaida amaryarsa "a rediyo." Ƴan ci-rani na aiko murya daga nesa, a gyara ta a kai wa iyaye su ji ɗansu kamar wani babban mutum. Masu wasan kwaikwayo na zuwa a mayar musu da murya irin ta sojoji a na'urar oba-oba, wadda yake yi wa ƙarin ƙaras a farko da ƙarshe. Duk abin da zai fita daga shagon, sai ya buɗe shi da cewa, "Nan tashar ƙosai ce, daga Zango," don kada wani ya sake cika mota. Akwai wanda yake mayarwa. Wani Tahiru ɗan kabu-kabu ya taɓa zuwa yana raɗa, yana so rediyo ya ce ruwa ya yanke hanyar Zermu, saboda surukarsa na shirin zuwa ta yi musu wata guda. Alkasum ya ce masa, "Je ka sayo katifa." Zuliha kuma ta kafa doka: duk ranar da za a ɗauki ƙarar kaskonta, shi zai wanke waken.

Bayan kaka Malam Nomau ya shigo gari a duba masa ido na biyu. Da aka gama, ya ce a kai shi shagon. Ya zauna kan kujera ɗaya tilo da ke ciki, ya ƙare wa ordinatar kallo, ya ce, "Ni ma sa ni a ciki. Gaskiya zan faɗa, ba irin taka ba."

Alkasum ya kafa masa mikro. Tsoho ya gyara rawani, ko da yake an gaya masa ba a ganin mutum, ya shiga bayani a kan yadda ake zaɓen irin gero, da lokacin da ya kamata a ɗaure dami, da lalacin manoman yanzu. Bai tsaya ba sai da aka kira azahar. Bayan salla Alkasum ya yanke sama da ƙasa, ya zuba mai, ya ja ƙofa, ya sa kart ɗin a rediyon mahaifinsa ya kunna.

Malam Nomau ya kara rediyon a kunne. Muryar wani dattijo ta taso daga nesa, tana nutsewa tana dawowa. Ya riƙa gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne. Wannan ya san gona." Can muryar ta ce a bar gero ya kwana bakwai a rana kafin a kai rumbu. Tsoho ya ɗaure fuska.

"A'a. Nan ya yi kuskure. Idan raɓa ta yi yawa ai bakwai ba ta isa."

"Baba, kai ne fa ka faɗa."

Malam Nomau ya ci gaba da sauraro, ya rasa wanda zai bi tsakanin kansa da rediyo. Daga bisani ya sa rediyon a aljihu ya miƙe.

"To, tunda ya faɗa, bana zan gwada bakwai ɗin. Amma ka gaya masa ya rage surutu."